Mikro a Gaban Suruki

Ku yi haƙuri da ni yau, masu bin labarina, da zafin rai nake rubutun nan, yatsana har kuskuren haruffa yake yi a kan salula. Ku da kuka saba aiko mini da "Husaina, bi a hankali, irin Shu'aibu ba a tsintarsa a hanya", ku matso kusa, da ku nake. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, bari in taƙaita masa.

A Dogon Kalgo nake, wani gari a gefen hanyar Madawa zuwa Buza, a hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe. Mahaifiyata 'yar ruga ce, Allah ya ji ƙanta, shi ya sa nake jin Fulatanci kamar yadda nake jin Hausa. Saboda bakin nan biyu matan ƙungiyarmu suka zaɓe ni in yi magana da yawunsu a taron tsara aikin lafiya na shekara, wanda kwamitin lafiyar garinmu yake yi tare da mutanen wani proje, irin ƙungiyoyin nan masu kawo aikin tallafi. Ba zan faɗi sunan projen ba. Bana aka ce doka ce, sai an saurari ƙungiyoyin farar hula kafin a sa hannu a tsari, kuma kowace ƙungiya baki ɗaya aka ba ta. Na matan gari da na ruga, ni ce.

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Duk shekara motar likita tana zagaya rugage don awon ciki da rigakafi, amma a tsakiyar damina ake turo ta. Kowa a ƙasar nan ya san da ruwa ya sauka aka yi shuka, makiyaya sun kora shanu arewa don kada su shiga gonaki. Motar ta zo ta tarar da duwatsun murhu da busasshen kashin shanu, ta juya, sannan a zauna a buro, wato ofis, a ce matan ruga ba sa son likita. Mu kuwa cewa muka yi a kawo motar a bazara, kafin shanu su tashi.

Ina da dalilina na kaina, sunanta Cima, ɗiyar kawuna. Bara a hanyar arewa ta haihu, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka ga tashinta. Bana tana da wani cikin, ƙafafunta sun kumbura har takalmin roba ba ya shiga. Da na je rugarsu ta dama mini fura da nono mai sanyi, ta zauna tana kallona ina sha.

"Adda, ke ce kika yi boko a lakkol," ta ce da Fulatanci. "Ki gaya musu muna nan bakin rijiya har ruwan farko. Su zo su auna ni kafin mu tafi."

Na ce mata ta bar komai a hannuna. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

To, Shu'aibu. Ma'aikacin projen ne, shi ke shirya musu taro, shi ke rubuta rapor, wato rahoton aiki. Ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba don ina fushi. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya zuwa zance hannu wofi ko da dabino ne a aljihu, kuma shi ne namiji na farko da ya taɓa tambayata ra'ayina ya tsaya ya ji amsa. An yi da mu sai bayan kaka za a kawo gaisuwa gidanmu. Kwatsam, ana saura 'yan kwanaki taro, sai ga matan gidansu da ƙwaryar goro, alewa, turmin atamfa, sabulai da turare mai kwalba kore. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Ni kuwa na shige ɗaki na rufe fuska da matashi ina murmushi ni kaɗai, ban farga da komai ba.

Mahaifin Shu'aibu shi ne shugaban kwamitin lafiya. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a rubuce, Baba zan ce. A garin nan idan Baba ya yi tari, dattawa gyara zama suke yi.

Ranar taro da safe na goge shuɗin bazan ɗina, shaddar nan mai aikin zare a wuya, na ɗaura kallabi, na ɗauko farin mayafi. Gwaggo tana tsakar gida tana tankaɗe garin hatsi. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ɗiyar ga, ina za ki da wagga kwalliya?"

"Taron lahiya, Gwaggo. Na gaya miki."

"Wanda tsohon Shu'aibu ka jagoranta?"

"Shi na."

Ta ajiye rariya. "To zamna ki ji. Tun da anka aje goro cikin gidan ga, mutumen ga surukinki na. Ba ki kallon idonai, ba ki cin abinci gabanai, balle ki ɗauki ƙarhen ga mai ƙara murya ki tsaya bisa kainai kina zuba."

"Ba hwaɗa za ni yi ba. Saƙon mata na."

"Matan duka sun ƙare sai ke? Gidansu gidan kunya na, Husaina. Uwar Shu'aibu har ta koma ga Allah ba ta taɓa zama tabarma guda da surukinta ba. Ki tsaya gabanai yau, gobe su aiko a maida musu goronsu, ni in sa kaina ina cikin garin ga?"

"Cima hwa, Gwaggo?"

"Cima Allah na nan. Ki bar kaza cikin gashinta."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na rubuta wa Shu'aibu: "Ka san Baba na wurin. Yanzu ƙaƙa za ni yi?"

Amsa ta shigo nan take, kamar dama jira yake. "Kwantar da hankalinki, masheri. Na gyara komi."

"Ka gyara mi?"

"Ki dai zaka. Za ki yi maganarki, ba mai ganin laihinki. Ki sa shuɗin bazan ɗin nan." Ya liƙa jar zuciya a ƙarshe.

Na dubi rigar da ke jikina na yi dariya, har na ji sanyi a raina. Na nuna wa Gwaggo salular duk da ba ta karatun boko, na ce ya ce ya gyara. Ta taɓe baki ta ci gaba da tankaɗe. Ku dube ni fa, mai lakkol, jar zuciya ɗaya ta ishe ni hujja.

A zauren meri, ofishin magajin gari, aka yi taron. Kujerun roba, fanka ɗaya da ke juyawa a kasale, ƙyallen proje a bango, kowa an miƙa masa bik da kaye na rubutu da ruwan leda. Baba yana tsakiyar babban tebur da farin rawani, sandarsa jingine a gwiwa. Kusa da shi sefi, wato shugaban projen, wanda ya zo daga Yamai, yana ta duba agogo. Sahun gaba duk dattawa ne: liman, masu unguwanni, da shugabannin rugage. Shu'aibu yana gefe da ordinatar, kwamfutarsa ta aiki, farar riga a soke cikin wando. Na lallaɓa can baya na ja mayafi har goshi, na zauna kusa da Abigail, sajfam, wato ungozomar likitarmu, ƙawata tun muna aji ɗaya. A asibitin mishan ta koyi aiki, kuma ita ke shiga motar nan duk damina tana dawowa da allurai a kwalinsu.

"In da an bar ni, da ni na yi maganar," ta raɗa mini. "Amma ma'aikaci ba ya da baki a nan, an ce na farar hula ne. Ki daure."

Aka yi ta jawabi da Faransanci, wani yana juyawa da Hausa rabi da rabi. Da aka zo kan motar likita, sai aka karanta watannin a gurguje aka wuce. Shugabannin rugage ba su ce uffan ba. Ban ga laifinsu sosai ba, awon ciki maganar mata ce, namijin ruga ba zai ɗauko ta da bakinsa a cikin taro ba. Aka kira farar hula. Wakilin matasa ya tashi ya yi godiya. Wakilin masu kabu-kabu ya yi godiya, ya roƙi a ƙara yin irin wannan taro. Na 'yan albasa ya yi godiya ya ƙara da addu'a. Kowa ya zauna aka tafa masa. Raina ya fara ɓaci, don na lura tafi aka gayyato mu mu yi.

"Wakiliyar mata," in ji Shu'aibu, bai dube ni ba.

Na tuɓe takalmina a ƙarƙashin kujera. Na tafi a sunkuye, na durƙusa nesa da teburin na gaida dattawa, muryata can ƙasa. Wani ya miƙo mini mikro. Na miƙe na ce, "Assalamu alaikum."

Baba ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa, ya ɗauki sandarsa, ya tashi a hankali ya nufi ƙofa.

A daƙiƙar farko har godiya na yi a zuciyata. Na ce ashe wannan ne gyaran, dattijo ya ba ni wuri. Amma wa zai ci gaba da zama Baba yana tsaye? Liman ya tashi. Masu unguwanni suka tashi. Shugabannin rugage suka tattara rigunansu suka bi baya. Na baya da suka ga gaba ta watse, sai suka ɗauka lokacin abinci ne, aka fara jan kujeru, ana kiran juna, ana neman takalma. Na ɗaga murya na ce matan ruga sun aiko ni, amma ƙeyar mutane kawai nake gani. Sefi ya sunkuya ya yi wa Shu'aibu raɗa. Shu'aibu ya ɗauki ɗaya mikron.

"To jama'a, tun da shugaba ya tashi, sai mu ɗan dakata. Bayan an ci abinci, sa hannu ɗai ya rage. Maganar mata an ji ta, za a sa ta cikin rapor."

An ji ta. Sallama kawai na yi, aka ce an ji ta. Wani ya je bango ya zare waya, mikron hannuna ya mutu. Na tsaya a gaban zaure da shuɗin bazan kamar wadda aka kawo talla.

A bayan zaure na same shi, wajen da aka jera kulolin shinkafa. Ya taho da fara'arsa, yana goge hannu.

"Kin gani? Baba bai ji kunya ba, ke ma ba ki ji ba."

"Ka san in ya tashi kowa na tashi."

"Husaina..."

"Cikin garin ga anka haihe ka. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Saurara. Tsarin ga tun Yamai anka gama shi. Cikin bazara motar tana wajen Keita, sai damina muke samun ta. In kin tada maganar gaban Baba da mutanen ruga, sai sun ƙi sa hannu. Sefi ya koma hannu wohi, a ce ban iya aikina ba. Kwantaragina ya kusa ƙarewa. In ba a sabunta ba, da mi za ni riƙe ki?"

"To don mi kunka kira mu?"

"Doka ta ce a saurare ku."

"An saurare mu?"

"Za ni rubuta, wallahi. Baɗi a duba."

"Baɗi. Cikin Cima zai jira baɗi?"

Ya kau da kai. Ni kuwa wani abu ya faɗo mini, sai da na dafa bango.

"Goron hwa? Shi ya sa anka kawo shi da wuri?"

Ya dubi takalminsa. "Ina son ki, Husaina. Wanga ba ƙarya ba na."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sake duban takalminsa, na gane amsar. Masu karatu, an sha ɓata mini rai a duniya, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Da ya zo ya ce mini, Husaina, aikina na cikin haɗari, ki taimake ni, da mun zauna mun yi rigima, wataƙila ma da kuka, amma ido da ido. Sai ya ɗauki tarbiyyar da Gwaggo ta yi mini, ya ɗauki mutuncin mahaifinsa, ya ɗauki guɗar da aka yi a tsakar gidanmu, ya toshe mini baki da su, sannan ya ce in sa shuɗin bazan. Ya yi mini sakiyar da ba ruwa yana murmushi. Haushinsa nake ji, haushin kaina kuma ya fi, don har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta daina son sa ba, munafuka.

Na juya. Can bakin harabar meri, a inuwar bedi, wato dogon yaro, an shimfiɗa wa Baba tabarma, dattawa sun kewaye shi suna jiran a kira su sa hannu. Na nufe su, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa, sai a lokacin na tuna takalmina suna cikin zaure. Abigail ta biyo ni ta riƙe mini hannu.

"Kin san abin da kike shirin yi?"

"Na sani."

"Gwaggo fa?"

"Sake ni, Abigail."

Ta sake ni, amma ba ta koma ba, ta tsaya a bayana. Na durƙusa a bakin tabarma. Hira ta tsaya cak. Baba ya kau da kai gefe, ya yi magana da liman kamar ba na wurin.

"Malam, tambaye ta, lahiya? Ai na hita kamar yadda ta roƙa."

Na ɗago kai, abin da ban taɓa yi ba a gabansa. "Ni na roƙa, Baba?"

Liman ya yi gyaran murya. Baba dai da liman yake magana. "Yaron yac ce ta aiko a roƙe ni in ba ta wuri, don ta samu sakewa."

"Ban aiko kowa ba, Baba. Kuma ban yi maganar ba. Kuna hita anka kashe ƙarhen."

Daga nan ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na faɗa masa komai, na motar, na damina, na duwatsun murhu. Na faɗa masa na Cima, duk da maganar ciki ba ta dace da bakina a gabansa ba. Na juya na maimaita da Fulatanci. Wani tsoho daga cikin shugabannin rugage ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, ya ce a hankali, "Haka na. Ruwan hwarko mun tashi." Shu'aibu kuwa ban ambaci sunansa ba, ban kuma ga bukata ba, Baba ba yaro ba ne.

Salulata ta yi ta motsi a cikin jaka. Na san ko wane ne, na bar ta.

Sai Baba ya juyo. Karo na farko tun da aka kawo goro, ya dube ni, ya kuma yi magana da ni kai tsaye.

"Ɗiyata, maganarki gaskiya ta. Amma ni shugaba na, ba ni kawo ƙara, saurare ɗai nike yi. In ana so ta shiga tsari, sai an hwaɗe ta cikin taro, da bakin wadda anka aiko, ina zamne."

"Haka na, Baba."

"Nan ƙarƙashin icce, ana iya cewa gaisuwa kinka zaka yi. Can ciki, kina tsaye da ƙarhe ga hannu, ni ina zamne ƙasanki gaban jama'a, ba a iya cewa haka. Ina da 'yan uwa, ina da matan gida, ba ni iya rufe musu baki. Kin san abin da ka biyo baya."

Na sani. Na ga Gwaggo tana ƙulle goro a ƙwarya tana share ido da bakin zane. Na ga matan gidansu suna zuwa karɓa ba guɗa. Ba zan ɓoye muku ba, har na buɗe baki in ce a bari. Amma da yamma zan kira Cima, kuma ban san da wane harshe zan ce mata an ji maganarta ba.

"Na sani, Baba. Ku koma ciki."

Ya dube ni ya ƙara dubana. Sannan ya miƙa hannu ya jawo takalminsa.

"Ku tashi," ya ce wa dattawan. "A ce wa yaron ga ya maida wutar ƙarhen. Taro bai ƙare ba."

Suka yi gaba, ni da Abigail muna baya. Masu cin shinkafa suka ajiye cokula suna kallo, aka fara komawa ciki ɗaya bayan ɗaya. Sefi ya fito bakin ƙofa ya duba agogonsa, Baba ya wuce ta gabansa bai ko kalle shi ba. Daga ciki na ji lasifika ta yi ƙara, an mayar da waya.

Shu'aibu yana tsaye a bakin ƙofa da mikro a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya bari dattawa suka shige, sannan ya ɗan tare mini hanya.

"Husaina," ya ce, "don girman Allah. In kinka karɓi abin ga, kin san mun..."

Na miƙa hannu.

"Ba ni," na ce.